Yadda Na Baro Yayanku a Tsibirin Girka

Na san abin da ake faɗa a kaina daga Yammedi har Gwangwan, inda aka haife ni. Ana cewa Hajiya ta je ƙasar Turawa, an nuna mata ruwa, an ba ta kifi ta ci, ta manta da wasiyyar mijinta, ta dawo hannu rabbana. Ba a faɗa a gabana, amma kunnena bai mutu ba tukuna. Ni ko alifi ban iya rubutawa ba, shi ya sa na zaunar da Rabi, 'yar'uwarku, na ce ta ɗauko takarda. Da ita muka je, ita ce bakina da kunnena a can. Na kuma gaya mata ta rubuta duk abin da ya fito daga bakina, har wanda ya shafe ta, don a can ɗin ta rage mini magana ba sau ɗaya ba.

Yayanku ɗan farina ne, kun san ban taɓa kama sunansa ba, yanzu ma ba zan fara ba. A gidan kakarsa ya tashi. Idan ya shigo gaishe ni, kaina a ƙasa nake amsawa, haka aka koya mana. Tun yana saurayi hannunsa ya faɗa a inji. Injin ban ruwa na masu lambu a bakin dam ɗin Challawa ya fara gyarawa, daga nan sai Ikko, daga Ikko sai muka ji yana aiki a cikin jirgin ruwa. Jirgin ne ya kai shi Girka. Can ya sauka a wani ƙauye na masunta a kan tsibiri, ya buɗe wurin gyaran injin kwalekwale, ya auri 'yar garin, Eleni. Allah bai ba su haihuwa ba. Sau biyu ya zo gida, duk shi kaɗai. Ranar da aka bugo wa Rabi waya ina tsakar gida ina ɓarar gyaɗa. Aka ce zuciyarsa ce ta tsaya yana tsaka da aiki, kuma har an binne shi. Mutum lafiyayye, mai ɗaukar inji a kafaɗa. Shekara arba'in ina wankan gawar mata a unguwarmu, na san tambayoyin da ake yi idan an ce wane ya rasu. Wa ya yi masa wanka? Wa ya sallace shi? A cikin me aka sa shi? Babu wanda ya ba ni amsar ko ɗaya.

Malam, babanku, bai ƙara zama daidai ba. Damina ɗaya ya ƙara gani. Ana saura kwana biyu ya cika, da hantsi, ya sa aka kira ƙaninsa, Baffanku Ado, ya ce in matso kusa.

"Hajiya, ba ni da nauyin kowa sai na yaron nan. Yana kwance a cikin waɗanda ba nasa ba. A dawo mini da shi gida, ko ƙashinsa ne."

"Malam, ka bar wannan maganar, ka ji da jikinka."

"Ki amsa mini."

Na ce to. A gaban Ado na ce to. Wannan ba na musunsa, kada wani ya ce na musa.

Na yi takaba na fita, aka kwana biyu. Yayanku na cika shekara uku da rasuwa sai ga waya daga Eleni. Rabi ta ce wai in zo da kaina, akwai maganar kabari da sai da uwa ake yankewa, kuma ta shirya takardun tafiya. Nan zuciyata ta fara raya mini abubuwa. Matar da ba ta taɓa taka garinmu ba, ba ta zo gaisuwar Malam ba, me ya tuna mata da ni yanzu? Me ya sa sai shekara uku cif? Ado kuwa murna ya yi. Shi dama abokin wasana ne tun ina amarya, ba ya shigowa gidan nan bai tsokane ni ba.

"Matata za ta hau jirgin sama ba Makka ba," in ji shi. "Ki dai kula kada wani tsohon Bature ya ƙwace mini ke. Ki je ki ɗauko mana ɗanmu, Allah ya buɗe ƙofa."

Na ƙulle garin kunu da ƙuli-ƙuli da dambun nama da yaji, don na yi niyyar ba zan sa komai nasu a bakina ba.

Jirgin sama biyu muka hau, sannan jirgin ruwa mai girman unguwa guda. Ni da nake ganin dam ɗin Challawa shi ne ƙarshen ruwa, sai ga shi mun wuni ba mu ga gaɓa ba. Ƙauyen a jikin dutse yake, gidajen farare tas kamar an yi musu farar ƙasa da safen nan, ƙofofin shuɗaye, hanyoyin duk matakala, gwiwata ta ji jiki. A bakin ruwa an shanya wata dabbar teku mai ƙafa takwas a kan igiya kamar wanki, kyanwoyi zaune a ƙasa suna jira. Tsofaffin maza na zaune a gindin bishiya suna shan gahawa, kowa da carbi a hannu. Na yi farin ciki, na kusa yi musu sallama. Da na duba sosai sai na ga bakinsu ba ya motsi, wujijjiga carbin kawai suke yi suna kallonmu. Na ce wa Rabi mutanen da ke riƙe carbi ba sa ambaton kowa, sai a yi hattara da su.

Eleni doguwa ce, ramammiya, baƙin kaya daga sama har ƙasa. Ta rungume ni tana kuka, ni kuwa na tsaya ƙiƙam. Rabi ta ce tun ranar rasuwar ba ta sa wani launi ba. Na yi lissafi a raina, takaba wata huɗu da kwana goma ce, wadda ta kai shekara uku ko dai so ne ya yi yawa ko kuwa akwai abin da ke cin ta. A gidan akwai uwarta, gajeriyar tsohuwa mai ƙarfin hannu, ita ma cikin baƙi. Ba ta rungume ni ba. Ta dube ni daga ɗankwali har takalmi, ta juya ta shiga kicin. Duk inda na zauna a gidan nan, in na ɗaga kai sai in ga idonta a kaina. Akwai kuma wani mutum mai gashin baki da ke zuwa kullum da safe da kifi, ya shige har kicin ba sallama. Rabi ta ce wan Eleni ne. Ni ban ga kama ba, har yau ban gani ba. Kwana biyu ina dama kununa da kaina a ɗaki, tsohuwar tana ajiye abinci a bakin ƙofa, tana dawowa ta ɗauke shi yadda ta ajiye.

Abin da ya fi damuna shi ne fassarar Rabi. Eleni za ta yi magana da Turanci doguwa, da hannu da hawaye, sai Rabi ta juyo ta ce, "Inna, cewa ta yi sannu da hanya." A rana ta biyu Eleni ta kawo hotunan Yayanku cike da kwali ta zube a cinyata. Na kawar da kai, na tura mata abinta. Uwa ba ta zama a gaban surukai tana ƙare wa ɗan fari kallo. Tsohuwar ta faɗi wata magana da yarensu, gajera, mai kaifi. Eleni ta yi ja, ta raɗa wa Rabi da Turanci, Rabi ta sunkuyar da kai.

"Me ta ce?"

"Ba komai, Inna."

"Rabi, ni na haife ki. Ba komai ba ya sa mutum ya yi ja. Ki faɗa mini ko in tashi in kama hanyar jirgi."

"Cewa ta yi anya ke kika haife shi? Wai kwana biyu ba ta ji sunansa a bakinki ba, ba ki yi kuka ba, hotonsa ma kin ƙi kallo."

Ashe yadda nake zarginta haka take zargina. Na ce wa Rabi ta gaya mata a garinmu wanda aka fi so shi ake ɓoye wa suna. Ban san ko ta faɗa daidai ba. Tsohuwar dai ta taɓe baki. Kukan kuwa na yi shi, a banɗaki, na buɗe famfo.

A rana ta uku suka kai ni maƙabarta. Tana saman gari, bayan cocinsu, teku a ƙasa. Kafin mu isa kabarin Eleni ta buɗe wani ɗan ɗaki a gefen coci. Na ɗauka wurin ajiyar kaya ne. Kantoci ne har sama, akwatuna ƙanana jere, kowanne da hoton mutum a jiki. Na tambayi Rabi mene ne a ciki, sai da na riƙe mata hannu sannan ta faɗa. Ta ce al'adarsu ce, ƙasa ta yi musu kaɗan, in mamaci ya shekara uku sai a tone shi, mata su wanke ƙasusuwan, a sa a akwati a ajiye nan. Kafin shekara uku hukuma ba ta yarda a buɗe kabari. Abin da aka kira ni dominsa ke nan. An shirya akwati, an shirya takardu, jibi mai haƙa zai zo, in tafi da Yayanku gida.

"Da me suke wankewa?"

"Da ruwa, Inna."

"Da ruwa kawai?"

"Da giyar inabi. Amma na gaya musu mu ba za a yi mana haka ba."

Na zauna a kan dakali. Na ce to ga shi, Eleni ta gaji da shi, tana son wurin ya koma fili ta auri mai kifinta. Na faɗa da ƙarfi, da Hausa, na san ba mai ji sai Rabi. Sai a lokacin Rabi ta fito mini da abin da ta ɓoye shekara biyu. Ita ce ta buga wa Eleni waya bayan rasuwar Malam ta gaya mata wasiyyar. Eleni ba ta so a taɓa shi. Wurin na gidansu ne, ba mai tilasta musu tonewa. Ta yarda ne don an ce maganar uba ce ta ƙarshe. Tsohuwar kuwa ta rantse sai dai a bi ta kanta, shi ya sa take kallona kamar ɓarauniya.

Ban gaskata duka ba. Na ce a nuna mini kabarin. Yana can ƙarshe, jikin katanga. Sauran kaburbura duk farin dutse ne, a jere, sun miƙe sun fuskanci wuri ɗaya. Nasa tudun ƙasa ne kawai da duwatsu kewaye, kuma a karkace yake, ya saɓa wa kowa. Raina ya ɓaci. Na ce dubi yadda suka jefar da shi a lungu a gicciye, ko daidaita shi ba su yi ba don baƙo ne. Na tsuguna ina share busasshen ganye, sai aikin hannuna ya dawo mini. Na tambayi inda kai yake, Eleni ta nuna. Na tsaya ta wajen kan, na kwantar da shi a zuciyata a gefen dama, na bi inda fuska za ta kalla. Na ce Rabi ta fito da wayar da take nemo mana alƙibla a ɗaki. Kibiyar ta tsaya daidai inda fuskarsa take. Karkacewar da na zarge su da ita, alƙibla ce.

Duk da haka na ce waya mutum ne ya ƙera ta. Ina son ganin wanda ya yi wankan. Suka ce wasu Larabawan Masar ne masu aiki a kwalekwalen kamun kifi, tsohuwar ce ta sauka bakin ruwa da ƙafarta ta kirawo su ranar, ta kuma yi rigima da limamin cocinsu har ya yarda a binne Yayanku ba a cikin akwatin gawa ba. Washegari da la'asar aka kawo mini ɗayansu, dattijo, hannunsa duk ya yi kanta. Ya yi mini sallama cikakkiya. Na ce ya karanta Fatiha. Rabi ta ce, "Haba Inna, da girmansa." Na ce ta faɗa masa. Ya yi murmushi ya karanta, ya fi limamin unguwarmu fitar da harafi. Sai na shiga tambaya, Rabi na juyawa da Turanci, shi yana amsawa da guntun nasa da hannu. Da me kuka fara? Ya ce tsarki, sannan alwala. Wane gefe? Dama. Wanka nawa? Uku, na ƙarshe da kafur. Likkafani fa? Ƙyalle uku, sabo, tsohuwar ce ta fito da shi daga adakarta. Mutum nawa suka sallace shi? Bakwai, a bakin ruwa. Duk wannan mai karatu zai iya faɗa ko bai taɓa gawa ba, don haka na ajiye ta ƙarshe.

"Tambaye shi, in da gaske hannunsa ya bi jikin nan, me ya gani wanda riga da wando ke rufewa?"

Sai ya sunkuya ya ja yatsa a ƙaurinsa na hagu, ƙasa da gwiwa, a lanƙwashe. Saran lauje ne, Yayanku ya yi shi yana ɗan shekara tara, ya je yankan ciyawar tumaki. Ni na ɗaure shi da bakin zanina, ranar kaɗai na manta da kunya na goya shi har gida. A gaban baƙon namiji na fashe da kuka, ban iya tsayawa ba. Da na samu numfashi na ce a tambaye shi ko ya ga wani rauni, ko wani canjin launi a jikin. Ya ce bai ga komai ba, jikin lafiya lau, fuskar kamar mai barci. Abin da ya faɗa ke nan. Abin da ya tsayar da zuciyar Allah ne ya sani, ni ban rufe wannan tambayar ba.

Ranar da aka sa, da sassafe muka hau. Mai haƙa ya riga mu, da shebur da diga. Akwatin na ajiye a kan katanga, bai fi na ajiye kayan jarirai ba. Eleni na tsaye ta rufe baki da hannu. Tsohuwar ta zauna a kan duwatsun kabarin ta ƙi tashi. Kowa ni yake kallo. Na tuna fuskar Malam da to ɗin da na ce. Sai kuma na dubi tudun nan. Duk matan da na wanke na naɗe, ban taɓa ganin an kwance ɗaya ba. An yi masa wanka, an yi masa salla, an kwantar da shi inda ya kamata ya kalla. In na ce a sa diga, wa zai tsinto shi gaɓa-gaɓa? Ni ce. Ni da ban taɓa yarda na kalle shi ido cikin ido ba yana raye, zan zo in tsiraita shi a gaban mutanen gari, in ƙirga yatsunsa, in rungumo shi a akwati kamar tsaraba. Malam ya ce ko ƙashinsa ne, amma Malam bai taɓa ganin ɗakin akwatunan nan ba.

Na ce wa Rabi ta sallami mai haƙa.

"Inna, Baffa fa? Me za mu ce a gida?"

"Ba ke kika ce to ba. Ni na ce."

Sannan na juya ga tsohuwar. Na ce a gaya mata ban yarda da ita ba, kamar yadda ba ta yarda da ni ba. In na hau jirgi, wa zai hana su tone shi baɗi su wanke da abinsu su ɗora a kan kantar ɗakin akwatunan nan? Wannan karon na tsare Rabi da ido har ta faɗi duka, Eleni ta juya wa uwarta maganar da yarensu. Tsohuwar ta miƙe. Ta zaro gicciyen da ke wuyanta ta sumbace shi, ta dafa ƙasar kabarin, ta yi magana tana kallona. Wai muddin tana raye, da bayan ranta muddin Eleni na raye, ba mai sa ƙarfe a wurin. Na ce bayan Eleni fa? Ba wanda ya amsa. Rantsuwa ce da abin da ban yarda da shi ba, daga bakin matar da ba na jin yarenta, ta hanyar 'yar da ta saba rage mini zance. Ita kaɗai na samu, ita na karɓa. Da muka sauko ta kawo mini dafaffiyar alkama da zabibi a kwano, wai sadakar mamaci ce a wurinsu, kamar gumbarmu. Na sa Rabi ta tambayi abin da ke ciki sau biyu, sannan na ci cokali uku. Kifin da ake cewa na ci, wannan ne.

Da muka iso Yammedi mun tarar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an ɗauko makara daga masallaci an jingine. Ado ya sa an share wuri kusa da Malam, har an sara itacen rufi. Ya dubi jakunkunanmu ɗaya bayan ɗaya, ya dube ni.

"Ina yake?"

"Yana inda Allah ya kwantar da shi. Na gani da idona, an yi masa sutura yadda ake yi wa Musulmi."

"A tsakiyar kaburburan Nasara. Hajiya, a gabana kika amsa wa Yaya."

"A gabanka na amsa."

Ya sa aka mayar da makara. Tun daga ranar Hajiya yake ce mini, in mun haɗu a wurin suna ko gaisuwa, ya gaishe ni kamar baƙuwa. Wasan shekara hamsin ya mutu a ƙofar gidan nan. Ban ce ba shi da gaskiya ba. Akwai malaman da suka ce da na ɗauko shi, akwai waɗanda suka ce na yi daidai, kowa da littafinsa. Tsohuwar ta rasu bara. Duk shekara ina sa Rabi ta kira Eleni ta waya mai hoto, ta hau maƙabartar, ta nuna mini tudun da katangar da tekun a tare, don kada a nuna mini wani wuri. Ina sa ta matso da wayar in duba ko ƙasar sabuwa ce. Zuwa yanzu ciyawa ce a kai.

Wurin da Ado ya share kusa da babanku har yau ba a sa kowa ba. Ku roƙar mini shi, idan lokacina ya yi a sa ni a nan. Ni na yi wa Malam alkawari, ni na karya, bai kamata ya ji bayanin daga bakin wani ba.